Cikina Aka Yanka, Ba Shayi Na Sha Ba

Shafi na 19

Masu zagin Afnan tun jiya a wajen sharhi, na ga saƙonku, ku rage wani don za ku buƙace shi. Masu cewa Hannatu ta cika sanyi kuma, ku gyara zama. Wannan shafin na duk wadda ta taɓa hawa sikeli ta sauko da hawaye ne.

*

Hannatu ta sauko daga kan sikelin, ta tura shi da ƙafa zuwa wani gefen banɗakin, ta sake hawa. Lambar ba ta motsa ba. Ita ce dai ta makon jiya, ita ce ta wancan makon.

Wata huɗu ke nan da likitoci suka yanke mata mafi yawan tumbinta don ta rage ƙiba. Da farko nauyi ya yi ta zuba har tana mamakin kanta a madubi, sai kuma ya tsaya cak. Shekaranjiya jiri ya ɗebe ta a tashar jirgin ƙasa ta Metro tana hanyar ofis, ta zube a gaban mutane, ba ta farka ba sai a asibiti da robar ƙarin ruwa a hannu. Jiya aka sallamo ta. Amma ga shi yau Asabar, ko ruwa ba ta kurɓa ba, sikeli ta fara nema.

Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara. Mijinta Kamal ya fita tun da sassafe, don haka ta dafa bango ta je ta buɗe da kanta.

Sista Nanret ce, nas ɗin asibitin da aka yi mata aikin, 'yar Pankshin. Tun ranar da ta ji Hannatu tana salati da Hausa a kan gadon tiyata suka ƙulla zumunci, ga shi kuma duk a garin Manassas suke zaune, can ƙasar Turawa. Ta shigo rungume da kula.

"Ina kwana, Sista."

"Ban amsa ba. Dubi idonki yadda ya faɗa. Kin karya?"

"Zan karya."

"Yaushe? Ranar Talata?"

Ta wuce kicin kai tsaye ta dire kular a kan tebur, ta buɗe. Gwaten acca ne da kifi, ya dahu luguf, tururi na tashi. Hannatu ta kau da kai.

"Zauna," in ji Nanret. "Yau ba nas ba ce ta zo, yayarki ce. Kafin ki faɗi a tashar nan, me kike ci a yini?"

"Ƙwai."

"Nawa?"

"Rabi."

"Sai me?"

"Sai shayi."

"Naman kazar da aka ce ki riƙa ci fa? Kifi? Wake? Madarar furotin ɗin nan? Bitamin ɗinki?"

Hannatu ta girgiza kai.

Nanret ta ja kujera ta zauna daf da ita. "Hannatu, an rage miki tumbi ne don ki ci kaɗan. Ba a rage shi don ki daina ci ba. Jikin da aka hana abinci ba kitse kaɗai yake ci ba, har da naman jikinki yake haɗawa. Shi ya sa hawa bene ma yake gagarar ki. Tsayawar sikeli kuwa, ban taɓa jinyar wanda aka yi wa aikin nan da bai gan ta ba. Jiki ne yake daidaita kansa. Kika ci gaba da cin abin da aka ce, zai ci gaba da sauka. A hankali, amma zai sauka."

"A hankali." Hannatu ta yi murmushin takaici. "Afnan ta ce in ya tsaya a wata na huɗu, to tumbin ne ya sake buɗewa. Ta ce sai dai in matse bakina, in ba haka ba duk wahalar da na sha ta tashi a banza."

"Afnan likita ce?"

"Ƙanwar Kamal ce, Sista."

"Na san ko wace ce. Kasuwanci take karanta a jami'a, ba jinya ba. Wane shayi ne kike sha?"

Hannatu ta miƙa hannu ta jawo durowa, ta fito da wani ɗan koren fakiti mai zanen ganye. An rubuta *Shayin Afnan* da ruwan gwal a jikinsa.

"Ita take haɗa shi. Kyauta take kawo min. Safe, rana, yamma."

Nanret ta yage fakitin, ta zazzage garin a tafin hannunta, ta sansana. Ta sake sansanawa. Fuskarta ta canza.

"Filasko ne."

"Me?"

"Filasko! Da shi kakata take wanke mana ciki muna yara. An dai zuba masa citta da na'ana'a don ya yi ƙamshi. Tun yaushe cikinki yake gudu?"

Hannatu ta sunkuyar da kai. "Ta ce kitsen ne yake fita."

"Yesu." Nanret ta kakkaɓe hannunta a wurin wanke-wanke. "Ruwan jikinki ne yake fita, da gishirin da zuciya take bugawa da shi. Abin da ya kayar da ke ke nan. Da a ce ranar tuƙi kike a kan babban titin nan mai lamba 66, da yanzu ta'aziyya muke karɓa."

Hannatu ta rufe fuska da tafukanta. "Ba ta sani ba ne. Yarinya ce. Taimako na take son yi."

Nanret ta ɗauko wayarta daga jaka, ta juya ta a hannu, ta ajiye, ta sake ɗauka.

"Tun jiya nake shawara da kaina ko in nuna miki. Mama Pauline ce ta tura mana a zauren hira na waya na matan cocinmu da ke unguwar Takoma Park. Ki yi min alkawari ba za ki sume min ba."

"Mene ne?"

Ta miƙa mata wayar.

Hotuna biyu ne a jere. Na dama Hannatu ce ranar Sallah, cikin atamfa, ta rame ta yi kyau, tana dariya. Na hagu kuma ita ce dai, kafin tiyata, a tsaye a ɗakin barcinta daga ita sai singileti da gajeren wando. Tumbi a waje, damatsa a waje, kai babu ɗankwali. Ko fuskar ba a rufe ba. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: WATA HUƊU KACAL. BA TIYATA, BA YUNWA. SHAYIN AFNAN. Sai gayyata zuwa taron ƙaddamarwa, yau bayan azahar, a Takoma Park, mata zalla.

Hannatu ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba.

"Ba ɗankwali a kaina, Sista."

"Na gani."

"Tunda na yi wayo namijin da ba muharramina ba bai taɓa ganin gashina ba. Mutum nawa suka ga wannan?"

"Yana yawo, Hannatu. Har 'yar'uwata da ke Jos ta turo min tana tambaya ko zan saya mata."

"Hoton da likita ya ce a ɗauka ne don in riƙa gwadawa. Satin da ta zauna jinyata, wayata a hannunta take yini." Ta ajiye wayar a hankali kamar za ta fashe. "Ita ta riƙe min roba ina amai. Ita ta wanke min ɗinkin. Ta ga inda aka huda ni da idonta, sannan ta rubuta *ba tiyata*."

"Shi ya sa ba ta son sikelinki ya tsaya," in ji Nanret. "Ke ce tallarta. Dole ki ci gaba da ramewa ko ta halin ƙaƙa."

Sai Hannatu ta yi dariya, wata irin dariya da ta sa Nanret ta ɗago ta kalle ta.

"Ta san ni. Wallahi yarinyar nan ta san ni. Ta san ba zan iya ƙaryata ta ba. In na ce ba shayinta ba ne, dole in faɗi abin da aka yi min. Daga ke sai ita sai Kamal kuka sani. Ko Umma da ke Zariya ban faɗa wa ba, don kar a ce na kasa riƙe bakina sai da aka sa min wuƙa." Ta share gefen idonta da bayan hannu. "Da kunyata ta ɗaure ni."

Ta jawo kular gabanta.

"Zuba min."

Nanret ta ɗauko ɗan ƙaramin kwano.

"Kifin za ki fara ci. Ki tauna sosai. Kar ki kora da ruwa, sai an jima."

Hannatu ta ci. Ɗan cokali, ta tauna, ta tsaya, ta sake. Maƙogwaronta na ƙin karɓa tana tura masa. Ta daɗe a kan ɗan kwanon nan, amma sai da ta ga ƙarshensa. Ta tashi ta ɗauko kwalbar bitamin ɗin da ta yi watsi da ita a saman firij, ta haɗiyi na ranar.

"Haka nake son gani," in ji Nanret.

"Ba na son in faɗi a gabanta ne."

"Gaban wa? Hannatu, jiya aka sallame ki!"

"Za ki kai ni, ko in tuƙa kaina?"

Nanret ta riƙo hannunta. "Tsaya ki ji. Yarinyar nan da bizar karatu take zaune a ƙasar nan. In hukuma ta ji tana haɗa magani tana sayarwa, har wani ya kwanta asibiti a kansa, ba kasuwa kaɗai za ta rasa ba. Jirgi za a saka ta."

"Na sani."

"Ƙanwar mijinki ce."

"Ni kuma matar yayanta ce da ta kusa kashewa." Ta zare hannunta. "Ɗauko makullin motarki, Sista."

*

Ɗakin taron a ƙasan wani bene yake, irin wanda ake haya don suna da bikin kammala makaranta. Tun daga matakala ƙamshin turaren wuta da na soyayyen samosa ya tare su. Mata sun cika kujeru, na Kano da Kaduna da Jos, har da na Nijar da lafayarsu. An jera koren fakitin nan a kan dogon tebur, ga fulas ɗin ruwan zafi da ƙananan kofuna na ɗanɗano.

A bayan teburin kuma, daga silin har ƙasa, an rataye hotunan nan biyu. Tumbin Hannatu ya fi kan mutum girma.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta kalli kanta. Nanret ta ji yadda numfashinta ya sauya.

"Har yanzu za mu iya juyawa."

"A'a."

Afnan na gaba riƙe da makirufo, siririya kamar yadda Allah ya yi ta tun haihuwa, cikin leshi ruwan hoda da ɗauri mai tsayi.

"...ni ba na tallar abin da ban gwada a gidanmu ba," take cewa. "Matar yayana ce wannan. Ta je wajen likitoci, sun ce sai an yanka ta. Na ce Anty, ba ni wata huɗu kawai..."

Idonta ya faɗa kan Hannatu. Maganar ta maƙale.

Mata suka waiwaya. Wata ta ce, "La, ai ga ta nan!" Nan take tafi ya ɓarke, wata ta rangaɗa guɗa.

Afnan ta farfaɗo da sauri. Ta buɗe hannuwa, ta taho da murmushi har kunne.

"Ga ta nan da kanta! Antyna, sannu da zuwa!"

Ta rungume ta. Bakinta daf da kunnen Hannatu, muryarta ta koma ƙasa.

"Anty, don Allah. Ki rufa min asiri, ni ma in rufa miki."

"Ba ni abin maganar."

"Anty..."

"Ba so kike in yi shaida ba? Ba ni."

Ana kallonsu. Afnan ba ta da yadda za ta yi, ta sakar mata.

Hannatu ta taka har gaban hoton, ta tsaya a ƙarƙashin tumbin nata.

"Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena da ƙannena, barkanku da yini. Sunana Hannatu. Ni ce wannan, ni ce kuma waccan." Ta nuna hotunan ɗaya bayan ɗaya. "Akwai namiji a ɗakin nan?"

Aka yi dariya. "Babu!"

"To alhamdu lillahi. Mai ɗaukar bidiyo ta sauke wayarta, don Allah. Wannan da ido kawai za a gani."

Ta ajiye jakarta a kan tebur, ta kama bakin rigarta, ta ɗaga har ƙarƙashin ƙirji.

Na gaba suka miƙo wuya. Ƙananan tabo ne a warwatse a kan cikinta, jajaye-jajaye, ba su gama baƙi ba.

"Ku duba da kyau. Na baya ku taso. Wannan ba shayi ne ya yi shi ba. Nan aka huda, nan aka sa kyamara, ta nan aka fitar da tumbina. Tiyata aka yi min wata huɗu da suka wuce. Na ɓoye don ina jin kunya. Yau na ajiye kunyar a gida."

Ta saki rigar.

"Anty ba ta da lafiya," in ji Afnan da ƙarfi, tana matsowa. "Jiya aka sallamo ta daga asibiti, magungunan ne..."

"Gaskiya ta faɗa. Jiya aka sallamo ni. Afnan, faɗa musu me ya kai ni."

Afnan ta kau da kai.

"Ba za ki faɗa ba? To ni zan faɗa. Sikelina ya tsaya, abin da likitoci suka ce yana faruwa ga kowa. Na tsorata. Na je wajen ƙanwata ina kuka. Ta ce in daina cin abinci in riƙa shan wannan." Ta ɗaga fakiti ɗaya. "Rabin ƙwai nake ci a yini, jama'a. Ni da aka ce in riƙa cin nama da kifi kaɗan-kaɗan don jikina ya warke. Gashina ya zube, ku ga."

Ta ɗan ja ɗankwalinta baya. Gaban goshin ya kwashe. Wata tsohuwa a layin gaba ta ce, "Subhanallahi."

"Shekaranjiya na faɗi a tashar Metro. Kaɗan ya rage kaina ya bugi bakin dandamali. Ga Sista Nanret nan, nas ce, da yawanku kun san ta. Sista, mene ne a cikin fakitin nan?"

Nanret daga bakin ƙofa ta ce, "Filasko ne. Zawo yake sawa. Ba ya narka kitse ko kaɗan, ruwan jiki yake fitarwa. Wanda ya daɗe yana sha, zuciyarsa za ta iya rikicewa."

Hayaniya ta kaure. Wata dattijuwa mai farin gilashi ta miƙe tana dafa kujera. Mama Pauline ce, wadda ta tura tallar a zauren coci.

"'Yata, tsaya. An ce zawo?" Ta dubi Hannatu. "'Yata Abby ta fi sati tana shan abin nan. Yarinya 'yar sakandare. Jiya malaminsu ya kira ni wai ta yi jiri a filin wasa. Ni na saya mata. Da hannuna na saya mata, saboda na ga hotonki!"

"Ki yafe min, Mama," in ji Hannatu. "Ban san an sa ni a talla ba sai yau da safe."

"Ba ke zan tambaya ba." Mama Pauline ta juya. "Ke, Afnan. Kalle ni."

"Mama, ganye ne kawai, wallahi ganye ne! A gida kowa yana sha..."

"Kowa yana sha?" Hannatu ta ɗauki kofi ɗaya. Ta yage fakiti ta zuba, ta yage na biyu ta ƙara, ta danna fulas, ruwan zafi ya sauka. Ta juya shi da cokali a natse, ƙarar cokalin na fita ta makirufo. "Haka kika ce in riƙa haɗawa in sikeli ya ƙi motsi, ko? Biyu-biyu. Ungo."

Afnan ta ja da baya.

"Sha mana."

"Ni... ni ba na buƙata."

"Ai ganye ne kawai."

"Anty, ina da ulsa."

Wata daga baya ta ƙyalƙyale da dariya. "Ita tana da ulsa! Mu kuma duwatsu ne!"

"Tana da ulsa," Hannatu ta maimaita a hankali. "Ni da aka yanke wa tumbi aka ɗinke, kin ba ni sau uku a rana. Kina zaune a falona kina kallona ina safa da marwa zuwa banɗaki, kina ce min *sannu Anty, kitsen ne yake fita*. Kin taɓa kurɓarsa ko sau ɗaya?"

Afnan ta fara hawaye. Hodar fuskarta ta fara dagulewa.

"Ki yi haƙuri. Mu je gida, don girman Allah. Ki tuna ni na yi jinyarki."

"Na tuna. Shi ya sa na zo da kaina." Ta dire kofin a kan tebur har ya fantsalu. "Ku saurara. Duk wadda ta saya, kar ta zubar. Ta ajiye fakitin. Ranar Litinin zan kai nawa asibiti a auna shi, daga can in wuce hukumar da ke kula da abinci da magunguna, da takardar sallamata a hannu. Mama Pauline, in za ki zo da Abby, mu tafi tare."

"Zan zo," in ji Mama Pauline. "Ko da rarrafe."

"Anty!" Afnan ta zube a kan gwiwoyinta, ta kama gefen zaninta. "Za su kore ni daga makaranta! Za su mayar da ni gida! Saura min shekara ɗaya!"

Hannatu ta kalle ta daga sama. Ta yi zaton in wannan lokacin ya zo za ta ji tausayi ko ɗan kaɗan ne. Ta laluba zuciyarta, ba ta samu ba.

"Ranar da kika shiga wayata kika saci hotona tsirara, kin tuna da makaranta?"

Afnan ta daina kukan.

Ta saki zanin. Ta ɗago kai, ta share fuskarta da gefen mayafi, ta miƙe tsaye tana kakkaɓe gwiwa. Idonta ya bushe ƙayau.

"Wayarki?" ta ce. "Ni ban taɓa shiga wayarki ba."

"Ƙarya kike."

"Ki kai ƙarar, Anty. Ki kai. Amma kafin ki je, juya fakitin ki karanta sunan da ke baya. Ni ɗaliba ce, ba ni da izinin buɗe kamfani a ƙasar nan. Kin ɗauka da sunan wa aka yi rajista?"

Kafin Hannatu ta juya fakitin, ƙofar baya ta buɗe da ƙarar ƙafa. Mata suka shiga gyara mayafai. Namiji ne ya shigo da baya-baya, rungume da manyan kwalaye biyu har sun rufe masa fuska.

"Afnan, ina zan ajiye? Akwai saura a mota, cunkoso ne ya..."

Ya sauke kwalayen daga fuskarsa.

Kamal ne.

Ya ga matarsa da makirufo a hannu. Ya ga ƙanwarsa da dagulalliyar fuska. Ya ga mata sun zuba masa ido babu mai ƙiftawa. Kwali na sama ya zame ya faɗi, korayen fakiti suka watsu har ƙarƙashin kujeru.

"Ga Yaya nan," in ji Afnan. "Ki tambaye shi wa ya turo min hoton."

Nanret ta taho da sauri ta tsaya bayan Hannatu, ta sa hannu a ƙugunta don kar ta faɗi. Amma Hannatu ba ta ko girgiza ba. Ta juya fakitin da ke hannunta, ta karanta ƙananan baƙaƙen da ke bayansa. Ta karanta har ƙarshe. Sunan mijinta ne a wurin.

"Hannatu," in ji Kamal, murya ƙasa-ƙasa. "Ba ki da lafiya. Zo mu je gida mu yi magana."

"A nan za mu yi ta."

"Haba, a gaban mutane?"

"A gaban mutane ka rataye ni."

Ta taka zuwa gare shi, takalminta na murƙushe fakitin da suka zube. Shekara tara da aurensu ba ta taɓa kiran sunansa gatsau a gaban kowa ba. Ta tsaya daf da shi, ta ɗaga makirufon ta kai shi bakinsa, har ana jin hucin numfashinsa a lasifika.

"Kamal. Ɗaga kanka ka kalli bangon can." Ta nuna hoton hagu. "Faɗa wa iyayen nan, da ƙarfi yadda na baya za su ji. Wa ya fitar da matarka daga ɗakin barcinta?"